Itatuwan Gonakin Karkarar Kano da Malamin da Ya Ƙidaya Su

A cikin shekarar 1935 wani Baturen gandun daji mai suna Stebbing ya buga maƙala a Ingila wadda ta tayar da hankalin masu mulkin mallaka. Ya ratsa arewacin Nijeriya da rani, ya tarar da ƙasa a bushe, sai ya yanke hukunci cewa hamadar Sahara na gangarowa kudu, kuma manomi da makiyayi su ne suka share mata hanya. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingilishi da Faransawa ya bi iyakar Nijeriya da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga abin da Stebbing ya tsorata da shi ba. Duk da haka maganar farko ita ce ta zauna a kunnuwan ma'aikata, watau inda mutane suka yi yawa, lalle itace ya ƙare.

In da wannan magana gaskiya ce, da karkarar Kano ce za ta fara zama fako, domin ba safai ake samun ƙasar noma mai cunkoson jama'a kamarta ba a Afirka ta Yamma. A wancan lokaci, a ƙauyukan da ke kewaye da birni, irin su Rijiyar Zaki da Ɗorayi, gona na jingine da gona, ba a barin saura ta huta, daji kuwa sai labari.

Wannan ƙasa ce Michael Mortimore ya zaɓa ya yi nazari a kanta. Ya zo daga Ingila a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kama koyar da ilmin labarin ƙasa. A 1965 shi da wani abokin aikinsa, Wilson, suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar karkarar Kano. Hanyar bincikensa ba ta da ƙyale-ƙyale: a auna gona, a tambayi mai ita, a ƙidaya jakunan da ke shiga birni da itacen girki suna fitowa da mangalar taki. Wannan kai da kawo na jakuna, wanda ɗan birni ba ya ko ɗaga ido ya duba, shi ne ke riƙe da ƙarfin ƙasar da ake nomawa kowace damina.

A 1979 ya koma Jami'ar Bayero, ya zauna har 1986, kuma a nan ne aka yi aikin da ya fi ba da mamaki. Shi da abokan aikinsa, cikinsu har da Falola da Cline-Cole da Nichol, suka gwama hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama da ƙidayar da suka yi da ƙafa cikin gonaki. Binciken ya fito a littafi a 1990. Abin da suka gano shi ne, duk da farin 1972 zuwa 1974, duk da yunwar itace da birni ke yi, itatuwan gonakin kusa da Kano ba su ragu ba. Itacen da birni ke ƙonawa kuwa, mafi yawansa manyan motoci ke kwasowa daga dazuzzuka masu nisa, inda mutane ba su da yawa, itace kuma ba shi da mai shi.

Dalilin a fili yake ga duk wanda ya tashi a ƙauye. Ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya da rimi dukiya ce, ana gadonsu, ana sayar da 'ya'yansu. Matar gida ta san abin da kalwa ke kawo mata in ta zama daddawa, ta san kuma ba a raba tuwo da miyar kuka. Gawo ya fi su duka dabara, gama da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, da rani kuma ya yi kore ya ciyar da awaki. Manomi yakan sassare reshe ya bar uwa, in ya ga tsiro mai amfani a kunya sai ya kauce masa da fartanya. Ba gandun gwamnati ba ne, ba kuwa mai gadi.

Mortimore ya bi wannan magana har ƙarshen ransa: a Dagaceri, inda ya yi shekaru yana komawa don ganin yadda mutane ke jure fari, da Tumbau, har da Machakos ta ƙasar Kenya. Ya rasu a 2017. Rijiyar Zaki kuwa, tun da jami'a ta kafa sabon mazauninta a kan hanyar Gwarzo, birni ya yi ta matsowa har ya haɗiye ta. An yanka gonakin fuloti-fuloti, mai fuloti kuma ba shi da wurin da zai bar wa ɗorawa.