Babban Madubi a Ƙasar Gajimare: Nazari kan Na'urar Hangen Taurari ta Birr

A shekarar 1845 wani basarake mai suna William Parsons, wanda aka fi sani da Lord Rosse, ya kammala gina na'urar hangen taurari a harabar gidansa da ke garin Birr, a tsakiyar tsibirin Ailan. Faɗin madubinta inci 72 ne, wato mita 1.8, an kuma rataya bututunta mai tsawon mita 16 da ɗoriya tsakanin katangu biyu na dutse. Ba a gina wadda ta fi ta girma ba sai a 1917, lokacin da aka kafa mai inci 100 a kan Dutsen Wilson na Kalifoniya. A watan Afrilun 1845 Rosse ya duba wani farin tabo a sama da ake kira M51, ya ga ashe a murɗe yake kamar gammo. Wannan shi ne karo na farko da ɗan Adam ya ga wannan siffa a irin waɗannan tarin taurari.

Sai dai amfanin da aka ci daga na'urar bai kai girmanta ba. Yunwar da ta auka wa Ailan a shekarar ta tsayar da aiki har zuwa 1848, amma ko da aka dawo, babban abokin gaba yana nan, wato sararin Birr kansa. Iskar tekun Atilantika tana kwaso hadari ba dare ba rana, ga shi katangun nan ba su barin bututu ya juya sosai, don haka tauraro yakan tsaya a gaban mai kallo na kimanin sa'a guda ne kawai. In gajimare ya gitta a wannan sa'a, aikin daren ya tashi a banza.

Gajimare dai kowa ya san ɓarnarsa. Danshi ya fi shi sharri a ɓoye. Madubin Rosse ba na gilashi ba ne, haɗin jan ƙarfe da kuza ne da aka goge har ya ɗauki sheƙi, kuma raɓa tana dusashe shi cikin 'yan watanni. Dole ta sa aka zuba madubai biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana wurin gogewa, kowanne tan uku ko fiye. Duk gogewa kuwa tana iya sauya lanƙwasar fuskar, ta yadda na'urar da aka duba da ita bara ba lallai ta zama ita ce ta bana ba.

Matsala ta uku, a ganina, ita ta fi cancantar nazari, domin tana iya zuwa a daren da babu ko ɗigon gajimare. Wanda ya taɓa hangen kwalta da tsakar rana ya ga yadda abin da ke nesa yake rawa. Haka hasken tauraro yake yi idan ya ratsa iska mai ɗumi da mai sanyi a cakuɗe. Ƙyalƙyalin taurari da yake burge mu alama ce ta wannan rikici. Iskar takan kasu ƙananan dunƙule, masu faɗin santimita 10 zuwa 20 a wuri mai kyau. Ƙaramin madubi yana leƙawa ta dunƙule ɗaya ko biyu, sai hoton ya riƙa tsalle amma a bayyane. Babba kuwa yana kwasar ɗaruruwansu a lokaci guda, kowanne ya karkatar da haske ta nasa ɓangare, sai hoton ya dagule. Girma yana ƙara yawan hasken da ake tarawa, shi ya sa Rosse ya ga hannuwan M51 masu dishi-dishi, amma tsantsar bayyanar hoto tana hannun iska.

Tun kafin nan Isaac Newton ya yi hasashen cewa maganin wannan rawa shi ne hawa ƙololuwar duwatsu. Charles Piazzi Smyth ya gwada hakan a tsibirin Tenerife a 1856, ya tarar da gaskiya ne, sannan a 1888 aka buɗe cibiyar Lick a kan Dutsen Hamilton. Daga nan sannu a hankali aka rage kafa babbar na'ura a inda mai kuɗin yake zaune, aka koma auna sararin wuri kafin a aza tubali. Abin da ya kai manyan madubai Mauna Kea na Hawai ke nan, mai tsayin mita 4,200, da Paranal a hamadar Atakama ta Chile, inda ake da huɗu masu faɗin mita 8.2 kowanne.

Ko a can ba a rabu da Bukar ba. Ana rufe rumfar na'ura idan danshi ko iska suka wuce ƙa'ida, kuma yawancin cibiyoyin suna jera ayyukan masu bincike bisa yanayin da kowanne yake buƙata, a fito da mai haƙuri da siririn gajimare a daren da sama ba ta da kyau. Rawar iska kuma ana rage ta da dabarar da Horace Babcock ya kawo a 1953: ƙaramin madubi mai lanƙwasuwa, wanda kwamfuta take gyara fuskarsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda. Gajimare mai kauri kuwa har yanzu ba shi da magani sai jira.