Tsohuwar Hanyar Santambul da Shirin Matafiyin Yau



Duk wanda ya biyo ta Gyaɗi-Gyaɗi ya ratso Tarauni zuwa unguwarmu Ƙauyen Alu, zai ga kantunan da ke tallar kayan Turkiyya, kama daga ƙofofin ƙarfe da darduma har zuwa abaya da kujerun amare. A cikinmu ma akwai masu shirin zuwa can, wasu don fatauci, wasu karatu, wasu neman magani. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan hanya ba sabuwa ba ce, kuma wanda bai san tarihinta ba zai je yana neman wata ƙasa, ya tarar da wata dabam.

Kakanninmu ba su san Turkiyya ba, Santambul suka sani, wato Istanbul, fadar Daular Usmaniyya. Sarki Muhammadu Alfatih ne ya ci birnin a 1453, a 1517 kuma Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar, Makka da Madina suka koma ƙarƙashinsu. Tun daga nan har zuwa 1916, kusan duk alhajin da ya tashi daga Kano a ƙasa ya isa Makka, to a ƙarƙashin tutarsu ya yi aikin Hajji.

A wannan yanki namu, Borno ce ta fara hulɗa da su. Mai Idris Aloma ya aika jakadu wurin Sarki Muradu na Uku, wanda ya ba shi amsa a 1577. Limaminsa, Ahmad Ibn Fartuwa, ya rubuta cewa Mai ya samo Turkawa 'yan bindiga, ya kuma ba da labarin harin da ya kawo ƙasar Kano, inda ya rushe garuruwa amma Dala ta gagare shi. Barebarin cikinmu sai su riƙa karanta labarin har ƙarshe kafin su fara alfahari. A Agadas kuwa, labarin baka na cewa daga Santambul aka roƙo sarkinsu na farko. Ko masana sun yarda ko ba su yarda ba, wannan ya nuna irin kwarjinin da sunan yake da shi.

Mu Kanawa ciniki ne ya haɗa mu. A 1835 Turkawa suka karɓi mulkin Tarabulus a hannunsu, kuma can ne hanyar ayari take ƙarewa: daga Kano sai Damagaram, sai Agadas, sai Gat da Gadamas, tafiyar watanni a kan raƙumi. Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna a Dandalin Turawa cikin birni. Suna tura fata da baƙin yadin rini da gashin jimina da hauren giwa, ba kuma zan ɓoye ba, har da bayi. Suna kawo alharini da takarda da madubi da jar dara. A 1911 Italiya ta ƙwace Tarabulus, a wannan shekarar kuma layin dogo ya iso Kano. Hanyar da dama ta fara ciwo sai ta ƙarasa mutuwa, fuskarmu ta juya kudu.

To, muna juya baya sai ƙasar ta sake kama. Daular ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Mustafa Kamal Ataturk ya kafa jamhuriya ran 29 ga Oktoba 1923, da hedkwata a Ankara, ba Istanbul ba. Ran 3 ga Maris 1924 aka soke halifanci. A 1925 doka ta hana sa dara, hular da dattawanmu suke ado da ita har yau. A 1928 aka daina rubuta Turkanci da haruffan Larabci aka koma na boko. Mu da muka san yadda boko ya ture ajami, ya kamata mu fahimci wannan fiye da kowa. Bambancin kawai, mu baƙi ne suka yi mana, su kuwa da hannunsu suka yi, cikin 'yan watanni. Saboda haka kada ka je kana yi wa mai tasi Larabci don ka ji ana kiran salla. Yawancinsu Musulmi ne, amma Turkanci suke ji, kuma Hanafiyya suke bi. Za ka ga mace da lulluɓi da wadda babu ko ɗankwali a mota ɗaya. Cin mutuncin Ataturk laifi ne a dokarsu, sai a kama baki.

Hulɗa ta dawo a hankali. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar D-8 a Istanbul a 1997, a Disamba 2013 kuma jirgin Turkish Airlines ya fara sauka Kano. Ƙasar ba ta kai tamu girma ba, murabba'in kilomita 783,562 ce, tamu kuwa 923,768. Mutanenta sun haura miliyan 85, lardunanta 81, kuma kashi 3 cikin 100 ne kurum na ƙasar yake nahiyar Turai. Agogonsu yana gaban namu da awa 2.

Game da shiri, fasfo ne farko, ofishinsa kuwa ga shi nan kusa da mu a Farm Centre. A tabbata yana da sauran aƙalla wata 6. Ɗan Nijeriya sai da biza, kuma ƙa'idojinta suna sauyawa, don haka a nemi bayani daga ofishin jakadancinsu da ke Abuja, a guji 'yan-na-iya masu alkawarin biza cikin kwana uku. Kuɗinsu lira ne, darajarsa ta faɗi ƙwarai tun daga 2018, gara ka canji dala a Wapa, can ka riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai sanyin da rigar hunturun Kano ba ta yi masa komai, wani lokaci har da dusar ƙanƙara. Ƙasa ce kuma mai girgiza. Ta ran 6 ga Fabrairu 2023 ta kashe mutum sama da 50,000 a kudancinta.

'Yan kasuwarmu Laleli suke sauka, unguwar 'yan sari, da yawa kuma ba sa fita daga cikinta sai ranar komawa. Wannan asara ce, domin Aya Sofiya, wadda aka gina coci a 537, ta zama masallaci a 1453, ta koma gidan tarihi, aka sake buɗe ta ga masallata a 2020, tafiyar ƙasa ce daga nan. A bayanta fadar Topkapi take, inda aka ajiye kayan tarihin Manzon Allah (S.A.W.) da aka kawo bayan cin Masar. Wanda ya sami rabin yini kuma, sai ya hau mota zuwa unguwar Ayyub ya ziyarci kabarin Abu Ayyub Al-Ansari, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa a Madina.