Ƙwazon Aiki da Lafiyar Ma'aikaci a Mahaƙan Yuraniyom na Arlit da Akokan

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dangantakar yawan aiki da lafiyar ma'aikaci a garuruwan yuraniyom na jihar Agadez. Ta dogara da bayanan kamfanoni, da rahotannin ƙungiyoyi masu zaman kansu, da dokokin ƙwadago. Ta gano cewa ana auna ƙwazo shekara-shekara, alhali cutar da aikin ke haifarwa takan bayyana ne bayan ma'aikaci ya bar aiki.

Muhimman kalmomi: yuraniyom, ƙwadago, lafiyar ma'aikata, Arlit

1.0 Gabatarwa

Ma'adini ne ya haifi Arlit. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara haƙa a buɗaɗɗen rami a 1971. COMINAK, wanda aka kafa a 1974, ya fara fitar da yuraniyom a 1978 daga ramin Akouta mai zurfin kusan mita 250, ma'aikatansa kuma suka zauna a Akokan. Gidan ma'aikaci da ruwansa da wutarsa da asibitinsa duk sun rataya ne a wuyan kamfani. A irin wannan gari, hutu da lafiya ba abu ne da mutum ke tsara wa kansa ba. Tambayar bincike ita ce: wa ke ɗaukar nauyin daidaita su da buƙatar aiki?

2.0 Nauyin Aiki a Kan Jiki

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta ƙayyade awa 40 a mako. Sai dai ƙidayar awoyi ba ta nuna abin da jiki ke sha. Masana'antar tace ma'adini ba ta kwana, don haka aikin karɓa-karɓa ne, dare da rana, a yankin da zafin bazara ke haura digiri 40. Hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankara, a 2007 da kuma 2019.

Babban haɗarin shi ne iskar radon, wadda ke fita daga dutsen yuraniyom ba launi ba wari. Burbushinta na maƙalewa a huhu, kuma an tabbatar tana haddasa sankarar huhu. Shi ya sa ake hura iska cikin rami, a yayyafa wa ƙura ruwa, a rataya wa ma'aikaci na'urar auna tururi. Ƙa'idar duniya ita ce kada matsakaicin tururin da ya shiga jikinsa ya wuce milisiba (ma'aunin tururi) 20 a shekara, kamfanonin kuma sun ce ba sa ƙetare wannan iyaka.

3.0 Saɓanin Lokaci

Tan nawa aka fitar, ana sani a ƙarshen shekara. Sankarar huhu kuwa takan ɗauki shekara goma ko fiye kafin ta bayyana. Shari'ar Serge Venel ta nuna wahalar kafa hujja. Bafaranshe ne da ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, ya rasu da sankarar huhu a 2009. Kotun Melun ta Faransa ta ɗora wa Areva, kamfanin Faransa mai hannun jari a COMINAK, alhaki a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013. Idan iyalin da ke da lauyoyi a Faransa sun sha wannan wuya, ina ga leburan kwangila da ya koma ƙauyensu ba takardar awo?

Ƙorafin cikin gida ya daɗe. Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ce ta gayyato masu awon tururi na ƙungiyar CRIIRAD a 2003, Greenpeace ta biyo baya a 2009. Sun ba da rahoton gurɓatattun ƙarafa a kasuwa da tururi mai yawa a wasu titunan Akokan. A 2011 aka kafa cibiyar OSRA domin bibiyar lafiyar tsofaffin ma'aikata, amma masu suka na ganin hannun kamfani ya yi yawa a cikinta.

4.0 Darasin Rufe COMINAK

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ya fitar da kusan tan 75,000. Ma'aikatan dindindin kimanin 600 sun sami kuɗin sallama da alƙawarin kula da lafiya na wani lokaci. Ɗaruruwan ƴan kwangila, da suka shaƙi ƙura ɗaya da su, ba su sami irin wannan gata ba. An kuma bar tarin dusar ma'adini ta kusan tan miliyan 20 da sai an rufe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya: tanadin lafiyar ma'aikaci tun ranar ɗaukarsa ya kamata a fara shi.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ba a cimma daidaito da albashi mai tsoka da asibitin kamfani kaɗai. Ana buƙatar likitocin ƙwadago waɗanda ba kamfani ke biyansu ba, da rajistar awon tururi ta ƙasa mai haɗa ƴan kwangila, da bibiyar lafiya har ƙarshen rayuwa, da tsarin karɓa-karɓa mai ba da isasshen barci. Tun da gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a Yunin 2025, wannan nauyi ya koma kan hukumomin Nijar.