Ƙuri'a Mai Karkata: Tausayi da Hujja a Gwajin Magunguna

Tun daga gwajin maganin tarin fuka na streptomycin da aka buga sakamakonsa a Birtaniya a 1948, ƙuri'a ce ke raba majinyata tsakanin sabon magani da tsoho, galibi rabi da rabi. Sai dai tsarin kan hana likita mai tausayi sakat. Idan alamu suka fara nuna fifikon magani guda, da wace hujja za a ci gaba da bai wa rabin mutane wanda ya gaza?

Masana ƙididdiga sun ce a bar ƙuri'ar ta riƙa karkata ga maganin da ke cin nasara. William Thompson ne ya kawo shawarar a 1933, Marvin Zelen ya farfaɗo da ita a 1969, sannan Wei da Durham suka tsara ta a 1978: a zuba ƙwallaye masu launi biyu a mazubi, a riƙa zaro ɗaya domin kowane majinyaci, maganin da ya yi aiki kuma a ƙara masa ƙwallo.

Niyyar kyakkyawa ce, amma gwajin Jami'ar Michigan da aka buga a 1985 ya nuna haɗarinta. An gwada na'urar ECMO, mai sa wa jini iska a wajen jiki, a kan jarirai masu matsanancin ciwon numfashi. Jarirai 11 aka sa wa na'urar, duk suka rayu. Guda ɗaya tak ya sami kulawar da aka saba, ya rasu. Likitoci da dama ba su gamsu ba, domin ba a gina hukunci kan jariri ɗaya. Sai da Birtaniya ta sake gwajin da jarirai 185, ta buga a 1996: 30 cikin 93 suka rasu a ɓangaren na'urar, 54 cikin 92 a ɗaya ɓangaren. Sauri ya haifi nawa, jarirai ne kuma suka biya kuɗin jinkirin.

Akwai wata matsalar. Idan majinyatan ƙarshen gwaji ba su kai na farko jigata ba, maganin da ƙuri'a ta karkata gare shi zai sami yabon da ba nasa ba.

Duk da haka bai kamata a yi watsi da hanyar ba, sharuɗɗa take buƙata. A fara da rabo daidai har shaida ta taru, a tanadar wa ɓangaren kwatanci kaso da ba zai gaza ba, a kuma rubuta ƙa'idar karkatar kafin a ɗauki majinyaci na farko. Gwajin da bai gamsar da likitoci ba ya tauye haƙƙin waɗanda suka shiga da waɗanda ke jiran sakamakonsa.