Masu gabatar da shirin Today: Daga Dave Garroway zuwa Craig Melvin

Da ƙarfe 7 na safiyar Litinin, 14 ga Janairun 1952, tashar talabijin ta NBC da ke Amurka ta fara watsa wani shiri mai suna Today daga birnin New York. A wancan lokaci manyan masu harkar talabijin da dama na ganin ɓata kuɗi ne kawai, domin a tunaninsu babu mai zama gaban akwatin talabijin da sassafe, alhali yana haramar fita nema. Fiye da shekara 70 ke nan shirin bai daina fitowa ba, kuma shi ne ya share fagen shirye-shiryen safe irinsa a ƙasashe da dama.

Tarihin Today kusan tarihin mutanen da suka zauna a kujerar gabatar da shi ne. Duk lokacin da aka dace da su, shirin kan yi kasuwa; duk lokacin da aka tayar da ɗayansu ta hanyar da masu kallo suka ga babu adalci, tashar kan ɗanɗana kuɗarta.

Mafarin shirin

Sylvester Weaver, wanda aka fi sani da Pat Weaver, babban jami'i a NBC, shi ne ya ƙirƙiro shirin. Dabararsa ita ce a yi shi gutsure-gutsure: labarai, hasashen yanayi, hira da baƙi, sai ɗan nishaɗi, ta yadda wanda ya samu minti goma kacal kafin ya fita zai tsinci wani abu. Irin wannan shiri yana bukatar mutum guda da zai ɗinke gutsattsarin, kuma mutumin da aka zaɓa shi ne Dave Garroway, tsohon ma'aikacin rediyo da talabijin a Chicago.

Garroway mutum ne mai sanyin murya, mai magana a natse kamar yana hira da mutum ɗaya. Ya saba rufe shirin da ɗaga tafin hannunsa yana yi wa masu kallo fatan zaman lafiya. Ɗakin da ake watsa shirin yana da manyan tagogin gilashi da ke fuskantar titi, don haka masu wucewa kan tsaya suna leƙe, kyamara kuma ta ɗauke su.

Duk da haka, shekarar farko ba ta yi armashi ba. Abin da ya ceto shirin a 1953 wani ɗan biri ne da aka haifa a Kamaru, mai suna J. Fred Muggs, wanda ake sa wa tufafi a zaunar da shi kusa da Garroway. Yara suka riƙa kunna talabijin don su gan shi, iyaye suka biyo baya, masu tallace-tallace kuma suka biyo iyayen. Birin ya bar shirin a 1957, shi kuwa Garroway ya ajiye aiki a 1961, jim kaɗan bayan rasuwar matarsa.

Yadda aka raba aikin

Tun daga farko aka raba aikin gida-gida, kuma rabon bai canza sosai ba. Akwai manyan masu gabatarwa, waɗanda ke buɗe shirin, su yi manyan hirarraki. Akwai mai karanta taƙaitattun labarai, kujerar da sau da yawa daga kanta ake hawa babbar. Sai mai hasashen yanayi, wanda a al'adar shirin shi ne mai barkwanci.

Mai gabatarwa kan tashi tun kafin asuba, ya karanta bayanan da aka tanadar masa a kan kowane baƙo. Yana kan iska da 'yar na'ura a kunne, inda furodusa ke sanar da shi sauran daƙiƙoƙin da suka rage masa. Rabin sa'ar farko ta manyan labarai ce, daga nan shirin ya riƙa sassautowa zuwa lafiya, girke-girke da mawaƙa. Wahalar aikin ita ce mutum ɗaya ne zai titsiye ɗan siyasa da tambayoyi, bayan ɗan lokaci kuma a gan shi yana ɗanɗana abinci yana raha, ba tare da ya zubar da girmansa ba.

John Chancellor, wanda ya gaji Garroway, gogaggen ɗan jarida ne, amma wannan sassaucin bai karɓe shi ba. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi, aka kawo Hugh Downs a 1962, wanda ya riƙe shirin har zuwa 1971.

Gwagwarmayar mata

A shekarun farko, macen da ke cikin shirin ana kiranta da laƙabin da ke nufin “Yarinyar Today”, kuma aikinta bai wuce maganar kwalliya, yanayi da ƙananan batutuwa ba. Galibinsu 'yan fim ne ko mawaƙa. Ɗaya daga cikinsu, Lee Meriwether, sarauniyar kyau ce ta Amurka ta 1955.

Barbara Walters ce ta karya wannan al'ada. Ta shiga shirin a 1961 a matsayin marubuciya, ta fara fitowa a kai a kai a 1964. Da Frank McGee ya karɓi shirin a 1971, sai ya gindaya sharaɗin cewa idan suna hira da babban baƙo tare, shi zai yi tambayoyi uku na farko kafin ta buɗe baki. Walters ta ɓullo wa lamarin ta bayan gida: ta riƙa nemo manyan mutane da kanta tana hira da su a wajen ɗakin watsa shirin, inda sharaɗin bai shafe ta ba. Sai bayan rasuwar McGee a 1974 aka ba ta muƙamin abokiyar gabatarwa a hukumance, mace ta farko a tarihin shirin. A 1976 tashar ABC ta ɗauke ta a kan albashin dala miliyan ɗaya a shekara, adadin da ya tayar da ƙura a lokacin.

Jane Pauley ce ta maye gurbinta tana da shekara 25. Ta yi aiki da Tom Brokaw har zuwa 1981, sannan da Bryant Gumbel, wanda ya fara a Janairun 1982. Gumbel, tsohon mai sharhin wasanni, shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci shirin, kuma a 1992 ya kai shi Afirka, aka watso shi daga Zimbabwe.

Darasin 1989

Shekarar 1989 ta zo wa shirin da rigima biyu. Ta farko, wata takardar sirri da Gumbel ya rubuta wa furodusa, yana sukar abokan aikinsa, musamman mai hasashen yanayi Willard Scott, ta faɗa hannun 'yan jarida. Ta biyu, tashar ta kawo Deborah Norville a matsayin mai karanta labarai, ta zaunar da ita kusa da manyan masu gabatarwa. Masu kallo suka fassara hakan da cewa ana shirin ture Pauley ne don a sa wadda ta fi ta ƙuruciya.

Pauley ta bar shirin a Disamban 1989, Norville ta hau kujerar a Janairun 1990, jama'a kuwa suka juya wa shirin baya. Abokin hamayyarsa, Good Morning America na ABC, wanda aka fara a Nuwamban 1975, ya shige gaba. Hausawa na cewa sabo ake yi wa kuka. Mai gabatar da shirin safe kan shiga gidan mutane suna karin kumallo, kwana biyar a mako, shekara da shekaru, har su ɗauke shi tamkar ɗan gida. Wulaƙanta shi kuwa tamkar wulaƙanta su ne.

Zamanin Couric da Lauer

Katie Couric ta karɓi kujerar a Afrilun 1991, farin jinin shirin ya fara dawowa. A 1994 aka koma sabon ɗakin watsa shiri mai tagogin gilashi a dandalin Rockefeller, aka farfaɗo da al'adar taruwar jama'a a waje. Al Roker ya gaji Scott a 1996, Matt Lauer kuma ya gaji Gumbel a Janairun 1997. Daga Disamban 1995, Today ya riƙe matsayi na ɗaya a yawan masu kallo mako 852 a jere.

A wannan zamani ne aka ga tasirin kujerar ƙarara. Bayan cutar kansar hanji ta kashe mijinta a 1998, Couric ta amince a nuna yadda aka yi mata gwajin hanji a cikin shirin a shekarar 2000, masu bincike kuma suka gano cewa masu zuwa gwajin sun ƙaru bayan haka. Ita da Lauer ne ke kan iska a safiyar 11 ga Satumban 2001, lokacin da jirage suka afka wa tagwayen benayen New York, suka koma bayar da labarin kai-tsaye. Couric ta tafi CBS a 2006 don karanta labaran yamma, Meredith Vieira ta riƙe kujerar har 2011.

Tarihi ya maimaita kansa

Ann Curry, wadda ta daɗe tana karanta labarai a shirin, ta zama abokiyar aikin Lauer a Yunin 2011. A Afrilun 2012 Good Morning America ya kawo ƙarshen makonni 852 ɗin nan, tashar kuma ta yanke shawarar sauya Curry. Ranar 28 ga Yuni ta yi bankwana a kan iska cikin hawaye. Masu kallo da yawa suka ɗora wa Lauer laifi, ABC kuma ta ci gaba da jan zarenta na tsawon shekaru. Ba ƙaramar asara ba ce, domin shirin na samar wa NBC ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara daga tallace-tallace, kuma yawan masu kallo ne ke yanke farashin talla.

Savannah Guthrie, lauya kuma tsohuwar wakiliyar NBC a fadar White House, ita ce ta gaji Curry. Ranar 29 ga Nuwamban 2017, ita da Hoda Kotb suka buɗe shirin da sanarwar cewa an kori Lauer, bayan wata ma'aikaciya ta kai ƙorafin rashin ɗa'a da ya shafi lalata. Lauer ya nemi afuwa, ko da yake ya ce wasu daga cikin zarge-zargen ba gaskiya ba ne.

A Janairun 2018 aka tabbatar wa Kotb, wadda iyayenta 'yan asalin Masar ne, kujerar. Karon farko ke nan da mata biyu suka jagoranci shirin da a da ake hana mace yin tambayar farko a cikinsa. Kotb ta sanar da niyyar sauka da kanta watanni kafin lokaci, ta yi bankwana ranar 10 ga Janairun 2025, Craig Melvin, wanda ya daɗe a cikin shirin, ya fara bayan kwana uku. Wannan karon an miƙa kujerar cikin girma da arziki.

Tsarin da Weaver ya shimfiɗa ya bazu: BBC ta fara nata shirin safe na talabijin a 1983, a Najeriya kuma akwai irinsu Good Morning Nigeria na NTA, Kakaaki na AIT, Sunrise Daily na Channels da Gari Ya Waye na Arewa24.

Jerin manyan masu gabatar da shirin

Dave Garroway, 1952 zuwa 1961
John Chancellor, 1961 zuwa 1962
Hugh Downs, 1962 zuwa 1971
Frank McGee, 1971 zuwa 1974
Barbara Walters, 1974 zuwa 1976
Jim Hartz, 1974 zuwa 1976
Tom Brokaw, 1976 zuwa 1981
Jane Pauley, 1976 zuwa 1989
Bryant Gumbel, 1982 zuwa 1997
Deborah Norville, 1990 zuwa 1991
Katie Couric, 1991 zuwa 2006
Matt Lauer, 1997 zuwa 2017
Meredith Vieira, 2006 zuwa 2011
Ann Curry, 2011 zuwa 2012
Savannah Guthrie, daga 2012
Hoda Kotb, 2018 zuwa 2025
Craig Melvin, daga 2025