Tarihin Auna Shan Ruwan Ƙurar Sama daga Nesa

Iskar da ke kewaye da duniya tana ɗauke da ƙananan ɓarɓashi waɗanda ido ba ya iya rarrabe su ɗaya bayan ɗaya, daga gishirin teku da hayaƙin ƙonar daji zuwa ƙurar hamada da sinadarin salfet na masana'antu, kuma masana suna kiran su erosol a dunƙule. Da yawa daga cikinsu suna shan ruwa, wato idan danshin iska ya ƙaru sai su tsotsi tururi su kumbura, kamar yadda gishiri ke jiƙewa a cikin kwano da damina ba tare da an zuba masa ruwa ba. Ɓarɓashin da ya kumbura yana watsa hasken rana fiye da busasshe, yana rage nisan gani, kuma a kansa ne ɗigon girgije ke fara taruwa, abin da John Aitken ya nuna a Sikotland a 1880, kafin Hilding Köhler ɗan ƙasar Suwidin ya tsara shi cikin lissafi a 1936. A 1976 Gottfried Hänel na Jamus ya fitar da tsarin da har yau ake bayyana kumburin da shi gwargwadon danshi.

Ilimin farko duk a ƙasa aka tara shi. A 1972 Covert da Charlson da Ahlquist, a Jami'ar Washintin da ke Siyatul, sun riƙa zuƙo iska cikin na'ura suna ƙara mata danshi a hankali suna auna watsuwar haske, kuma irin wannan aiki ne ya tabbatar da cewa gishirin abinci ba ya narkewa sai danshi ya kai kusan kashi 75 cikin ɗari, amma idan ya riga ya narke ba ya komawa busasshe sai danshin ya sauka wajen kashi 45. Daga baya, a 2007, Petters da Kreidenweis suka taƙaita wannan ɗabi'a cikin lamba ɗaya da ake kira kappa, wadda ta haura 1 ga gishirin teku, tana wajen 0.6 ga salfet na amoniya, tana kuma dab da sifili ga abin da ba ya shan ruwa. Sai dai masu aiki da waɗannan na'urori sun daɗe da sanin rauninsu, domin iskar da aka ja ta cikin bututu aka busar aka sake jiƙawa ba ita ce iskar da ke ƙarƙashin girgije ba, kuma riƙe danshi sama da kashi 90 a cikin na'ura abu ne mai wuya, alhali a nan ne kumburi ya fi tsanani.

Wannan giɓi ne na'urar laida ta zo cikewa. Laida tana harba gajeren hasken lesa sama, ta tattara ɗan abin da ya dawo a madubin hangen nesa, ta kuma gane tsayin da ya fito daga lokacin da ya ɗauka, ba tare da ta taɓa ɓarɓashin ba. Fiocco da Smullin sun gwada ta a kan sararin sama a 1963, sannan a 1969 Melfi da abokan aikinsa suka nuna cewa ana iya auna tururin ruwa da ita ta hanyar watsuwar Raman, wato ɗan sauyin launi da haske ke samu idan ya ci karo da wata iska, wanda masanin Indiya C. V. Raman ya gano a 1928. Hasken da aka harba a tsawon zango na nanomita 355 yana dawowa a 387 daga naitirojin, a 408 kuma daga tururi, don haka na'ura ɗaya tana iya ba da yawan ruwa da ƙarfin hasken erosol a kowane tsayi.

A 1998 Richard Ferrare da abokansa suka wallafa sakamakon irin wannan awo daga filin binciken yanayi na Oklahoma a Amurka, a 2000 Wulfmeyer da Feingold suka yi makamancinsa a iskar da ke kan teku, kuma a 2003 Feingold da Morley suka kwatanta laida da awon da aka yi a cikin iskar kanta. A nan ne aka fuskanci tambayar da ta zama ƙashin bayan fannin, kuma ba tambayar ingancin na'ura ba ce. Idan hasken da ke dawowa ya ƙaru yayin da ake hawa sama, babu abin da ke nuna kai tsaye ko ɓarɓashin kumbura ya yi, ko yawansa ne ya ƙaru, ko kuwa wani iri dabam ne iska ta kawo daga wata nahiya. Saboda haka aka kafa sharuɗɗa masu tsauri: ba a karɓar awo sai a shimfiɗar iska da ta gauraya sosai, inda nauyin tururi a kowane kilo na iska bai canja da tsayi ba, inda zafi ke raguwa daidai yadda faɗaɗar iska mai tashi ke jawowa, kuma lissafin hanyar da iskar ta biyo ya nuna tushe ɗaya. A irin wannan shimfiɗa sanyi ne kaɗai ke ƙara danshi, don haka duk ƙarin haske na ruwa ne. Awon watanni masu yawa yakan ƙare da 'yan darare ƙalilan da suka cika sharuɗɗan, kuma wannan haƙurin zubar da mafi yawan bayanai shi ya sa aka yarda da sakamakon da ya rage.

Zafin iska shi ne ya ci gaba da ba da wahala, domin kuskuren digiri ɗaya yana karkatar da lissafin danshi da kusan maki 5 idan iska ta kusa ƙoshi da ruwa. Balan-balan ɗin da ke auna zafin iska ana sakinsa sau biyu a rana a yawancin tashoshi, kuma iska tana jan sa nesa da layin lesa. Masu bincike a Giranada ta Sifen, a ƙarƙashin haɗakar laidojin Turai da aka kafa a 2000, sun fara da balan-balan a aikinsu na 2015, sannan a 2018 suka haɗa laida da na'urar da ke auna zafi daga raƙuman maikurowef, yayin da tashar Payerne a Suwizalan ta nuna a 2019 cewa laidar Raman ɗaya tana iya ba da zafi da tururi da erosol gaba ɗaya.

Ƙurar Sahara tana da matsayi na musamman a wannan tarihi. Binciken da aka yi a Maroko a 2006 ya nuna cewa manyan ƙwayoyinta kusan ba sa shan ruwa, kuma laida tana gane su da sauƙi domin siffarsu ba zagayayya ba ce, tana karkatar da hasken da ya dawo fiye da ɗigon ruwa nesa ba kusa ba. Amma awon da aka yi a Yamai a wannan shekara ya nuna cewa da hunturu hayaƙin ƙonar daji yakan shimfiɗu a saman hazon da iska ke kwasowa daga wurare irin su kwarin Bodele na Cadi, kuma inda suka gauraya ɗabi'ar shan ruwan takan canja. Taurarin ɗan'adam masu laida, daga CALIPSO da ya yi aiki tsakanin 2006 da 2023 zuwa EarthCARE da aka harba a 2024, suna ganin waɗannan shimfiɗu daga sama, sai dai laidojinsu ba sa auna tururi, don haka danshin da ake haɗa awonsu da shi daga lissafin hasashen yanayi yake fitowa, kuma a yankin Sahel tashoshin sakin balan-balan da za su gyara wannan lissafi ba su da yawa.