Daga saiwar albasa zuwa dashen ɓargo

A samu albasa ɗaya, irin wadda Aliero ta yi suna da ita, a ɗora gindinta a bakin kofi cike da ruwa. Cikin 'yan kwanaki fararen saiwoyi za su sauko. A yanke bakin saiwa ɗaya, ɗan ƙil da bai kai ƙwayar shinkafa ba, a ɗiga masa rini, a latse shi tsakanin gilasai biyu, a sa a ƙarƙashin madubin likita. Za a ga ƙwayoyin halitta jere sahu-sahu, galibinsu da ɗigo guda mai duhu a tsakiya. Nan da can kuma sai a ci karo da wadda ɗigon nata ya warware ya zama zaruruwa. A wata zaruruwan sun taru a tsakiya, a wata sun rabu gida biyu, kowane kashi ya kama gefensa. Waɗannan su ne aka riska suna cikin rabuwa. Albasa tana da zaren nan 16 a kowace ƙwaya, shinkafa 24, ɗan Adam 46.

Ɗalibin sakandare a Sharabi, ko a Illo, ko a Kaoje, yana haddace wannan darasi ne don ya tsallake jarrabawar bayoloji. Da wuya a gaya masa cewa maganin ƙanensa mai amosanin jini daga nan ya samo asali. A ƙasar Bagudo, inda Kogin Kwara ya shigo Najeriya, kamar sauran Arewa, ba a neman labarin wannan cuta a wajen baƙo. Kowa ya san gidan da ake kwana ana danna wa yaro ƙafa.

Robert Hooke ya fara ganin ƙwayoyin halitta a ɓawon itace a 1665, amma sai da aka kusa shekara 200 kafin a san daga inda suke fitowa. Manyan masana sun ɗauka daga ruwan jiki suke daskarewa. Wani likita a Balin ta Jamus, Robert Remak, shi ya ga ƙwayoyin jinin ɗan tsako a cikin ƙwai suna rabuwa biyu, tun 1841. A 1855 Rudolf Virchow ya yayata ƙa'idar cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa. Sunan Virchow ne ya shiga littattafai, alhali Remak ne ya sha wahalar.

Wanda ya zauna ya bi rabuwar daki-daki shi ne Walther Flemming na jami'ar Kiel. Ya yi sa'a zamaninsa ya zo daidai da bunƙasar masana'antun rini a Jamus, sai ya gwada rinin a jikin 'ya'yan wata halitta mai kama da ƙadangare da ke rayuwa a ruwa. Rinin ya kama zaruruwan nan sosai. Da hannu ya riƙa zana abin da yake gani, har ya gano cewa kowane zare tsagewa yake yi a tsaye, rabi ya tafi wannan ƙwaya, rabi ya tafi waccan. A littafinsa na 1882 ya raɗa wa abin suna maitosis. Bai san cewa gadon halitta ne ke cikin zaruruwan ba, waɗanda daga baya aka kira kuromosom. Ko yawansu a jikin mutum sai 1956 aka daidaita shi, lokacin da Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga 46 a Suwidin, bayan an yi shekara talatin da wani abu ana koyar da 48.

To me ƙwaya take yi tsakanin rabuwa da rabuwa? An daɗe ana cewa hutawa take yi. A 1953 Alma Howard da Stephen Pelc, a wani asibiti a Landan, suka shayar da saiwar wani nau'in wake sinadari mai barin alama a duk inda ya shiga. Suka gano ashe aiki ne tuƙuru: ƙwaya tana girma, sai ta kwafi DNA ɗinta, wato gadon halittar da ke cikin zaruruwan nan, baki ɗaya a wani keɓaɓɓen lokaci, sai ta yi shiri, sannan ta rabu. A ƙwayar mutum mai saurin hayayyafa zagayen yakan ci kusan awa 24, rabuwar kanta kuwa ba ta wuce kamar awa ɗaya. Daga baya Leland Hartwell da Paul Nurse, da suka yi aiki a kan yis, da Tim Hunt, da ya yi aiki a kan ƙwan wata halittar teku mai ƙaya, suka gano sinadaran da ke ba ƙwaya izinin wucewa daga mataki zuwa mataki, suka sami lambar Nobel a 2001. Idan wannan tsari ya lalace, ƙwaya ta yi ta rabuwa ba tsayawa, shi ne ciwon daji.

Ɗaya reshen tarihin daga masifa ya fito. Bayan bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945, likitoci sun ga mutanen da suka tsira daga wuta suna mutuwa bayan makonni, jininsu ya ƙare. Tururin nukiliya ya kashe musu ɓargo. Gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa idan aka zuba wa wanda ɓargonsa ya mutu ɓargon wani, yakan rayu. A Toronto ta Kanada, Ernest McCulloch da James Till suna irin wannan gwaji, sai McCulloch ya buɗe ɓeraye kwana goma bayan allura, ya ga wasu ƙuraje a kan saifarsu. Da suka ƙirga, sai suka tarar yawan ƙurajen yana tafiya da yawan ɓargon da aka zuba. Suka buga sakamakon a 1961, kuma a 1963 aka tabbatar kowane ƙurji daga ƙwaya ɗaya tak ya taso, ga shi kuma a cikinsa akwai masu zama jan jini, da masu zama farin jini. Wannan ita ce uwar ƙwayoyin jini. Idan ta hayayyafa, wasu 'ya'yan su tafi aiki, wasu su zauna yadda uwar take, kamar manomin da ba ya cinye iri komai yunwar bazara. Da haka ɓargon mutum yake fitar da jajayen ƙwayoyin jini kimanin miliyan biyu a kowace daƙiƙa har ƙarshen rayuwarsa.

A nan amosanin jini, wato sikila, ya shigo. Lafiyayyar jar ƙwayar jini tana yin kwana 120. Ta mai sikila takan lanƙwashe ta yi siffar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Ɓargonsa yana ta aiki ba ya cim ma buƙata, shi ya sa ake ganin idon yaron ya yi ɗorawa, jikinsa ba ƙwari, ga ciwon ƙashi da sanyi. Likita James Herrick ne ya fara bayyana cutar a rubuce a Shikago a 1910. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 da ita a Najeriya duk shekara, adadin da ya fi na kowace ƙasa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Tunda aibin yana cikin uwar ƙwayoyin jini ne, ƙarin jini sauƙi kawai yake kawowa na ɗan lokaci. Warkewa sai an canja ɓargon.

E. Donnall Thomas ya fara gwada dashen ɓargo a jikin mutane tun 1957, kuma marasa lafiyarsa na farko dashen bai cece su ba. Sai da aka koyi daidaita jinsin tsokar mai bayarwa da mai karɓa, aka yi nasara da ɓargon 'yar'uwa a Minesota a 1968. A 1984 aka ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 8 a Amurka da aka yi wa dashe saboda sankarar jini, sai sikilar da take da ita ma ta tafi. Najeriya ta shiga sahu a 2011, lokacin da Dakta Nosakhare Bazuaye da abokan aikinsa, da taimakon likitocin Basel ta Suwizalan, suka yi wa wani yaro ɗan shekara 7 dashe da ɓargon ɗan'uwansa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Benin ta jihar Edo ke nan, ba jamhuriyar da muke iyaka da ita ta Tsamiya ba. A 2024 Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas ya fara nasa shirin tare da Gidauniyar Sikila ta Najeriya.

Abin alfahari ne, amma a faɗi gaskiya. Dashe yana cin miliyoyin naira. Damar ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya ya dace da mara lafiya ɗaya ce cikin huɗu. Kafin a zuba sabon ɓargo sai an kashe tsohon da magani mai ƙarfi, kuma sabon yakan iya juyowa ya yaƙi jikin da ya shiga. Sabuwar hanyar gyara ƙwayoyin mara lafiya da kansu, wadda Birtaniya da Amurka suka amince da ita a ƙarshen 2023 da sunan Casgevy, farashinta dala miliyan 2.2 ne. Manomin shinkafa a Sharabi ba ya cikin wannan lissafi. A wannan giɓi ne 'yan talla suka samu kasuwa, suna yawo da garin magani a 'yan ledoji wai na uwar ƙwayoyin halitta ne, yana warkar da sikila da ciwon suga da hawan jini. Ƙarya ce. Abin da aka sha ciki narkewa yake yi, ba ya zama ɓargo, kuma ƙwayar tsiro ba ta haifar jinin mutum.

Abin da talaka zai iya kaiwa gare shi ya fito ne daga ilimin zagayen nan na Howard da Pelc. Haidiroksiyuriya tsohon sinadari ne, an haɗa shi a Jamus tun 1869, aka riƙa ba masu ciwon daji saboda yana rage wa ƙwaya kayan kwafin DNA, sai ta yi jinkiri a wannan mataki. Daga baya aka lura cewa ɓargon da aka ɗan takura haka yakan koma yin irin jinin da jariri yake da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Wani babban gwaji a Amurka a 1995 ya nuna maganin yana rage tashin ciwon da kusan rabi, aka amince da shi a 1998.

Kano ta taka rawa a nan wadda ya kamata kowane Bahaushe ya sani. Yaro mai sikila yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma a Turai da Amurka ana kare shi ne da ƙarin jini duk wata, abin da ba zai yiwu wa yawancin iyalanmu ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala Muhammad, da na Barau Dikko a Kaduna, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka tantance yara da na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini a ƙwaƙwalwa. Suka ɗauki 220 da ke cikin haɗari, suka raba su biyu, wasu ƙaramin awo na maganin, wasu matsakaici. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna ba a sami bambanci tsakanin awon biyu wajen kare shanyewar jiki ba, sai dai matsakaicin ya fi rage kwanciya a asibiti. Ƙwaya ce da ake haɗiya sau ɗaya a rana, ana yin ta a nan Najeriya, amma tana buƙatar likita da gwajin jini lokaci-lokaci, domin idan ta yi yawa takan danne ɓargon fiye da kima.

Jihar Kano ta kafa dokar gwajin jini kafin aure a 2024, kuma duk inda aka yi haka an yi daidai: AS da AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila. Sai dai gwajin aure bai amfani yaron da aka riga aka haifa ba. Kira ga gwamnatin jihar Kebbi da shugabannin Bagudo shi ne a riƙa gwada jarirai tun ranar rigakafin farko, a ajiye haidiroksiyuriya da na'urar ƙirga jini a babban asibitin ƙaramar hukuma, a horar da ma'aikatan da za su bi yaran, don kada sai an kama hanyar Birnin Kebbi ko Sakkwato. Iyaye kuma, duk mai yaro da ke yawan ciwon ƙashi ko kumburin hannu da ƙafa, ya kai shi a duba jininsa, ya tambayi likita maganar wannan magani.